Jinin dare da jinin rana: wahalar awon melatonin da danginsa

Bayan sallar isha'i Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi a dakalin ƙofar gida, rediyo na ta surutu a gefensa, ya zaro wata 'yar kwalbar roba daga aljihun gaba ya miƙo mini. Ɗansa da ke Kano ne ya aiko da ita, wai maganin barci ne wanda ba ya bugarwa. Na haska fitilar waya, na ga an rubuta melatonin, miligiram 5. Watanni ke nan Kawu yana farkawa tun ƙarfe biyun dare, ya yi ta juyi har a kira assalatu.

"An ce wai wani sinadari ne ya ƙare a jikina," in ji shi. "To kai da ka yi karatun awon jini, ba sai ka ɗiba ka duba ba? In ya ƙare mu sani, in bai ƙare ba in mayar wa yaron nan kayansa."

Na ce, "Kawu, wane jinin za mu ɗiba, na dare ko na rana?"

Ya dube ni kamar na yi masa shaƙiyanci. "Jini kuma har da na dare da na rana?"

Akwai kuwa. In dai melatonin ake nema, jinin da aka ɗiba da azahar da wanda aka ɗiba ƙarfe ukun dare a hannun mutum ɗaya sai ka rantse na mutum biyu ne. Kuma lokacin ɗiba ɗaya ne kawai cikin abubuwan da ke juya sakamakon tun kafin jinin ya ga na'ura.

Tushen abin wani amino asid ne mai suna tiriftofan, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su. A 1901 Frederick Hopkins da Sydney Cole suka fara ware shi a Ingila daga furotin ɗin madara. Jikinmu ba ya ƙera shi, sai an ci: nono, ƙwai, nama, kifi, wake, gyaɗa, riɗi. In ya shiga, wani kaso ya tafi ginin jiki, ragowar kuma ya rabu hanya uku.

Babbar hanyar ta hanta ce, ita ke kwashe kusan kashi 95 cikin ɗari na wanda ake rushewa. Babban zangonta sunansa kainurenin, sunan da aka haɗa daga kalmomin Girkanci na kare da fitsari, domin a fitsarin kare Justus von Liebig ya gano ɗan'uwansa a 1853. Can ƙarshenta kuma jiki na samun nayasin, wato bitamin B3, amma da tsada: sai an kashe wajen miligiram 60 na tiriftofan kafin a samu miligiram 1.

Wannan hanyar ta shafi akushinmu kai tsaye. Masara ba ta da tiriftofan sosai, nayasin ɗin da ke cikinta kuma a ɗaure yake, hanji ba ya iya kwance shi. Wanda ya dogara da ita kaɗai sai cutar felagra ta kama shi: fata ta yi baƙi ta tsattsage a duk inda rana ke duka, bayan hannu da wuya da ƙafa, ga gudawa, daga baya hankali ya ruɗe. A kudancin Amurka ta yi ta kashe talakawa ana zaton annoba ce mai yaɗuwa, sai da Joseph Goldberger ya shiga aikin daga 1914 ya nuna abinci ne. Mutanen Meziko, inda masarar ta fito, sun tsira saboda suna dafa ta da ruwan toka ko makamancinsa, wanda ke sakin nayasin ɗin. A Indiya an ga cutar a cikin masu cin dawa zalla. Mu abin da ke rufa mana asiri shi ne mahaɗi: ƙuli-ƙuli, wake, daddawa, nonon fura. Ranar da gida ya koma tuwon masara da miya lami safe da dare, rufin asirin ya yi sirara. Saboda haka ne ma masu binciken noma suka samar da masara mai ƙarin tiriftofan, irin SAMMAZ 14 ta cibiyar Samaru a Zariya. Maganin tarin fuka da ake kira aisoniyazid shi ma yana tare wannan hanya, domin yana cin karo da bitamin B6 da take buƙata, shi ya sa ake yawan haɗa wa mai shansa da B6.

Hanya ta biyu 'yar siririya ce, ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu ba, amma ita ce ta yi suna. Tiriftofan ya zama serotonin, wani sinadari mai isar da saƙo a jiki, wanda kusan kashi 90 nasa a hanji yake, ba a ƙwaƙwalwa ba kamar yadda ake ta yaɗawa. A wani ɗan ƙulli da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda bai fi ƙwayar shinkafa girma ba, serotonin na ƙara taku biyu ya zama melatonin. Likitan fata ne ya gano shi, Aaron Lerner na jami'ar Yale, a 1958, bayan da shi da abokan aikinsa suka tatse irin wannan ƙulli na shanu sama da 200,000. Yawan shanun kaɗai ya isa ya gaya maka ƙanƙantar abin da ake nema.

Melatonin ba mai sa barci ba ne irin na allurar tiyata. Mai shela ne, aikinsa ya zaga jiki ya ce dare ya yi. Ɓeran da ke ɓarna a rumbu tsakar dare shi ma da dare nasa melatonin ɗin ke tashi, ya ji shelar ya fita aiki. A mutum yana fara hawa awa biyu zuwa uku kafin lokacin da ya saba kwanciya, ya kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe biyu da huɗu, gari na wayewa ya sauka. Ba ya daɗewa a jini, cikin ƙasa da awa ɗaya hanta ta rushe rabinsa, ta liƙa masa salfet, ƙoda ta zubar da shi a fitsari.

Hanya ta uku ba tamu ba ce, ta baƙin da ke zaune a hanjinmu ce. Ƙwayoyin bakteriya na juya tiriftofan zuwa indol, hanta ta mai da shi indoksil salfet. Indoksil ɗin nan shi ne dai wanda ke fitowa daga ganyen baba a cikin karofi, iska ta taɓa shi ya zama shuni. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga zane ya fito kore-kore ya rikiɗe a idonsa, ya ga wannan sinadari yana aiki. Har akan samu majinyacin da aka daɗe da sa wa robar fitsari, jakar ta rine ta koma shuɗi-shuɗi, saboda wannan dalilin.

To duk waɗannan, uwa da 'ya'ya da jikoki, suna yawo tare a ruwan jini, kuma ana so a ƙirga kowanne. Matsalar farko ita ce ba kusan yawa ɗaya suke ba. Tiriftofan na kai wajen miligiram 10 a lita. Ka ɗauki ƙwayar sukari ɗaya, wajen giram 5, ka narka a jarka 20 masu lita 25, ka samu kwatankwacinsa. Melatonin kuwa ko a tsakar dare bai cika wuce fikogiram 50 zuwa 100 a mililita ba, shi fikogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na miligiram. Wannan ƙwayar sukarin sai ka narka ta a tankar mai wajen 3,000 kafin ka kai fikogiram 50. Da rana kuma yakan faɗi ƙasa da 10. Sikelin da ke auna buhu a Dawanau ba shi zai auna ɗan kunnen zinare ba, amma abin da ake nema a wurin mai awo ke nan: buhu da ɗan kunne, daga ɗigon ruwa guda.

A ce mun ƙuduri aniyar auna na Kawu a ɗakin shan maganin ƙauyenmu, nan ƙasar Ringim. Ɗiba ɗaya ba ta da amfani. Abin da masu binciken barci ke nema shi ne sa'ar da melatonin ya fara hawa, don haka sai a sa kanula, 'yar robar ɗibar jini, a jijiya tun la'asar sakaliya, a riƙa ɗiba duk rabin awa ko awa guda har dare ya raba, a ga inda ya haye fikogiram 10. Duk wannan zaman kuma a cikin haske dishi-dishi za a yi shi, domin ido na ganin haske mai ƙarfi saƙo zai tafi ƙwaƙwalwa a rufe famfon. Alfred Lewy ne ya tabbatar da haka a jikin mutane a 1980, da fitila mai tsananin haske. Daga baya aka gane ko hasken ɗaki na yau da kullum yana rage shi, kuma wanda ya fi danne shi shi ne mai launin shuɗi, wanda ya cika farin hasken 'yan fitilun caji da na sola da fuskar waya. Ma'aikacin da ya dallare wa majinyaci fuska da tocila yana neman jijiya, ko ya bar shi yana kallon waya don kada ya gaji da zama, ya taɓa abin da ya zo aunawa da hannunsa.

Wannan batun haske ya fi ba ni sha'awa fiye da komai, saboda a idonmu ya sauya. Muna yara aci-bal-bal ce da fitilar ƙwai, haske ja-ja mai rauni, in an yi isha'i an ɗan taɓa hira gari ya yi tsit. Yanzu kowane mai shayi da farin ƙwan sola a rataye, ga ɗakin kallon ƙwallo, ga waya a hannun kowane saurayi. A 2013 Kenneth Wright ya kai wasu mutane zaman daji na mako guda a Kolorado, babu lantarki sai rana da wutar itace, hawan melatonin ɗinsu ya matso gaba da kusan awa biyu. An ga makamancin haka a dajin Amazon na Barazil tsakanin masu tatsar roba da ke da lantarki da waɗanda ba su da shi. Ke nan in aka ce ga lokacin da ya dace melatonin ya tashi, sai a tambaya: na wa? Mafi yawan alƙaluman da ake kwatance da su a Turai da Amurka aka tara su, a jikin mutanen da darensu na hunturu ke kai awa 16. Mu a nan tsakanin rana mafi tsawo da mafi gajarta bai fi awa ɗaya da rabi ba, muna tashi da asuba shekara duka, wata guda kuma muna cin sahur a daidai sa'ar da melatonin ke sama.

Tiriftofan nasa sharaɗin daban: da safe, kafin a karya, domin koko da ƙosai kaɗai sun isa su motsa shi. Sannan kashi 80 zuwa 90 nasa a maƙale yake jikin albumin, babban furotin ɗin ruwan jini, ɗan ragowar ne ke yawo sake. Yunwa ko aikin ƙarfi na sakin kitse cikin jini, kitsen ya ture shi daga jikin albumin. Manomin da ya taka daga gona ba ci ba sha da wanda ya taso daga shimfiɗa ba za su ba da lamba ɗaya ba. Yaro mai tamowa kuwa albumin ɗin ne ma ya yi ƙasa.

Sai kwalba. Duk wanda ya tsaya wurin yankan layya ya ga yadda jini ke yi a ramin da aka tona: ya daskare kamar hanta, can anjima wani ruwa fatsi-fatsi ya taso a kansa. Wannan ruwan shi ake kira siram, ruwan jinin da ya riga ya daskare. Filasma kuwa ruwan jinin da aka hana daskarewa ne. A zuba shi a kwalba mai murfi ruwan makuba, wadda ke da sinadarin EDTA, a sa a injin wulwulawa minti goma zuwa sha biyar, ƙwayoyi su kwanta ƙasa, ruwan ya tsaya a sama, kusan kashi 55 na jinin. A ido ba ka raba su, amma a wurin serotonin bambancin ya kai sama da ƙasa. Kusan duk serotonin ɗin jini a ɗure yake cikin 'yan ƙwayoyin da ke toshe rauni, filatilet. Jini na fara daskarewa sai su amayar da shi, har na siram ya iya ninka na tsarkakakkiyar filasma sau ɗari. Ba sai ya daskare ba ma. A ja sirinji da ƙarfi, ko a ɗaure hannu ya daɗe, ko a ɗora kwalbar a babur ta sha gargada daga ƙauye zuwa bakin titi, sun fashe sun zuba. Sau da yawa lambar da aka rubuta a matsayin serotonin na ruwan jini labarin hanya take bayarwa.

Ga zafi. A watan Afrilu ma'auni na haye digiri 40 a inuwa. Shi melatonin yana da ɗan juriya, haka tiriftofan, amma wasu jikokin kainurenin ba sa jure iska da ɗumi da haske, cikin 'yan awoyi sun fara rikiɗa. Ƙa'ida ita ce a raba filasma da wuri, a sa a ƙanƙara, a adana a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Firijin rigakafi da ke ɗakin shan magani tsakanin digiri 2 da 8 yake, ba don wannan aka yi shi ba. Firizar gida kuma ba ta wuce 20 ƙasa da sifiri.

A wani ɗakin gwaji da na yi koyon aiki, man janareta ya taɓa ƙarewa daren Juma'a. Kafin safiyar Litinin an kawo wuta, komai ya sake daskarewa tsaf, wanda ya buɗe firizar ba zai ga alamar komai ba. Abin da ya tona asirin wata dabara ce ta wata tsohuwar ma'aikaciya: ta daskarar da ruwa a kofi ta ɗora kwandala a kai ta ajiye a lungu. Ranar muka tarar da kwandalar a gindin kofi. Na'ura ba za ta taɓa gaya maka wannan ba. Ka ba ta ruwan da ya narke ya sake daskarewa, za ta ba ka lamba mai kyan gani har da ɗigo biyu a bayanta.

In filasma ta isa birni lafiya, awon iri biyu ne. Mai sauƙin kuɗi shi ne na garkuwar jiki, irin su ELISA, inda ake sa wani furotin da ya san siffar melatonin ya cafke shi. Kamar mai gadin da ke gane mutane da fuska ne, wani lokaci ƙanin mai gida ya zo ya buɗe masa. Da dare, da abin ke da yawa, kuskuren ba ya damun kowa. Da rana, da ake neman fikogiram biyu ko uku, 'yan kama-da-wane na iya fin na gaskiyar yawa, shi ya sa wasu kayan gwajin ke ba da lambar rana da ta wuce hankali.

Ɗayan shi ne wanda ake taƙaita sunansa da LC-MS/MS, kuma shi ke iya ƙirga dangin gaba ɗaya a zama guda. Ana fara zuba wa ɗan ruwan jinin, ƙasa da rabin mililita, metanol mai sanyi. Furotin ya dunƙule nan take, kamar yadda ruwan waken suya ke kamawa in mai awara ta zuba ruwan tsami. A wulwula, a tsame ruwan sama. In melatonin ake so sai an ƙara tacewa an ƙafar da ruwan don ya yi kauri, in tiriftofan ne kuma sai an sirka don kada ya cika na'urar. Daga nan a tura shi da matsi cikin wani bututun ƙarfe da bai fi biro tsawo ba, cike da garin silika mai maiƙo-maiƙo. Ka ɗauka mutanen unguwa ɗaya ne suka fita tare za su kasuwa. Wani ba ruwansa da kowa, ya miƙe ya riga kowa isa. Wani kuwa kowace ƙofa sai ya tsaya gaisuwa, ina gajiya ina iyali, shi ne na ƙarshe. Masu son ruwa irin serotonin da kainurenin su ke fara fita, melatonin mai son maiƙo ya yi ta gaishe-gaishe a baya. Kowanne da mintin fitarsa, kuma ba ya saɓawa.

A bakin bututun ana fesa ruwan ta tsinin allura mai ɗauke da lantarki mai ƙarfi, dabarar da ta ba John Fenn kyautar Nobel a 2002. Ƙwayoyin su ɗauki caji su shiga na'urar awon nauyi. Ƙofar farko ba ta barin kowa sai mai nauyin da aka faɗa mata, 233 in melatonin ne. Wanda ya wuce a fasa shi da iskar gas, ƙofa ta biyu ta jira ɓallin da ya kai 174. Tiriftofan 205 ne, ya fashe ya ba da 188. Shaidu uku ke nan: lokacin fita, nauyin uwa, nauyin ɓalli. Kuma ana buƙatar ukun, domin akwai masu nauyi ɗaya sak, kamar nayasin da wani ɗan'uwansa fikolinik asid, waɗanda sai tseren bututu ke raba su.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta gane abin da ya salwanta a hanya. Kowane mataki, tacewa da ƙafewa da fesawa, yana cin wani abu, kuma gishiri da kitsen jinin kowane mutum na dushe siginar gwargwadon nasa. Sai tun farko a zuba wani sanannen adadi na melatonin da aka ƙera da haidirojin mai nauyi guda huɗu. Halinsa ɗaya da na jiki, tare suke tafiya tare suke fita, sai dai shi 237 yake aunawa. Makiyayi ne zai haye kogin Haɗeja da garken da bai san adadinsa ba, sai ya shafa wa tumaki goma shuni ya saka a ciki. In takwas masu shuni suka fito a tsallake, ya san ruwa ya ci kashi ɗaya cikin biyar, ya ƙirga sauran ya yi lissafi. Amma ka lura, tumakin shunin daga bakin kogi suka shiga. Abin da kura ta ci a daji kafin a iso, wato zafi da gargada da ɗaukewar wuta, ba su san da shi ba. Ga shi na'urar kanta ɗaruruwan dubban daloli ce, tana son wuta ba yankewa, da sanyi, da iskar naitirojin, da ruwan sinadarai masu tsabtar gaske.

To an samu lamba. Ba a nan gizo ke saƙar ba, sai wajen fassara. Ban da hanta, ƙwayoyin garkuwar jiki na da nasu enzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, mai suna IDO, wanda ke farkawa in jiki ya shiga yaƙi da cuta, ya hau cinye tiriftofan yana mai da shi kainurenin, kamar mai ƙone gona don kada mahara su samu abinci. Saboda haka masu bincike suka fi duba rabon kainurenin a kan tiriftofan maimakon kowanne shi kaɗai. Zazzaɓin cizon sauro na ɗaga wannan rabo, haka tarin fuka, haka cutar HIV. Juna biyu ma haka: a 1998 David Munn da Andrew Mellor suka nuna a jikin ɓeraye cewa IDO na mahaifa na cikin abin da ke hana garkuwar uwa far wa ɗan tayi. A Kenya da Malawi an samu kwinolinik asid, wani jikan kainurenin mai cutar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ya yi yawa a ruwan lakar yaran da zazzaɓi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Abin mamaki, a cikin sauro ma wani ɗan gidan ne, zanturenik asid, ke sanar da ƙwayar maleriya cewa ta bar jikin mutum, ta fara hayayyafa.

Yanzu ka kawo yaro daga wani ƙauyen Gumel a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai iso ba, sauro kuma ya yi yawa. Aka auna aka ga tiriftofan ɗinsa ya faɗi. Yunwa ce ko zazzaɓi? Lambar ita kaɗai ba ta da bakin faɗa. Sai an haɗa da gwajin maleriya, da alamar kumburin jiki irin CRP, da albumin, da abin da ya ci. A yankin Haɗeja zuwa Gashuwa, inda aka daɗe ana kokawa da ciwon ƙoda, sai an duba ƙodar ma, domin in ta gaza, kainurenin da indoksil salfet taruwa suke yi a jini ko da komai na tafiya daidai. Ni a ganina duk binciken da aka yi a karkararmu aka tsallake waɗannan, aka ɗauko ma'aunin mutanen wata ƙasa aka ɗora, to asarar jinin bayin Allah kawai aka yi.

Shi kansa melatonin, masu lafiya garau sun sha bamban. Wani ƙololuwarsa ta dare ta ninka ta wani sau da yawa, kuma dukansu suna barcinsu lafiya. Yakan ragu da tsufa, agogon jiki kuma ya matso gaba, dattijo ya riƙa gyangyaɗi da wuri yana farkawa da wuri. Magungunan hawan jini irin atenolol da furofaranolol na danne shi da dare. Don haka ko an sha duk wahalar nan, babu wata lamba da za a nuna wa Kawu a ce ga shi ya ƙare. Awon na bincike ne, da kuma gano inda agogon mutum ya karkata. Ko don hakan ma akwai hanya mai sauƙi da ta fi dacewa da ƙauye: a tara fitsarin dare har na farkon asuba a auna abin da hanta ta rushe ƙoda ta zubar, ko a bi hawansa a yawu. Babu allura, babu injin wulwulawa.

Kwalbar da ke hannunsa ma tana buƙatar mai awo. A 2017 masu bincike a jami'ar Guelph ta Kanada suka auna kayan melatonin 31 na kasuwa. Wani bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta a jikinsa ba, wani ya ninka fiye da sau biyar, kusan rubu'insu kuma akwai serotonin a ciki da ba a ambata ba. A Ingila sai da takardar likita ake sayen melatonin, a Amurka kuwa a kan kanta yake kamar alewa. Amurkawan sun taɓa ɗanɗana kuɗarsu da ƙwayar tiriftofan a 1989, lokacin da kayan wani kamfanin Japan suka kwantar da mutum sama da 1,500, fiye da 30 suka mutu, kuma irin wannan tseren bututu ne ya nuna baƙin sinadaran da ke ciki. Ko da abin da aka rubuta gaskiya ne, miligiram 5 na kai jini ninki goma ko fiye na abin da jiki ke yi da kansa.

Washegari da yamma na koma, na ce ya fito mini da duk magungunan da yake sha. Ya shiga ya ɗauko baƙar leda. Ga atenolol a ciki, wata takwas ke nan da aka ɗora shi a kai. Na tambayi lokacin kwanciyarsa, ya ce ƙarfe tara ya yi nisa, ban da ƙailular bayan azahar. Shayi kofi biyu bayan magariba. Muna maganar ma yana ɓare ganyen da ya naɗe goro.

Na ce, "Kawu, kada ku daina maganin hawan jinin nan da kanku. Ranar asibiti ku tafi da ledar duka, har da kwalbar Kano, ku gaya wa likita tun yaushe barcin ya lalace. Kafin nan a mayar da shayin safe. Goron dare kuma a haƙura da shi, abin da ke cikin shayi mai kore barci shi ne a cikinsa, kuma yana kai awa biyar rabinsa bai bar jiki ba."

"Jinin fa?"

"A bar muku abinku."

Ya juya goron a tafin hannu, fari ne ƙato, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɓare shi biyu, ya miƙo mini ɓari ɗaya, ya jefa ɗayan a baki.

"To," ya ce, "daga gobe."